Ledar Wen Daoshun

Talata ce ranar masu ciwon suga
a ƙaramin asibitinmu na bayan kasuwar kifi,
nan Yibin, inda koguna biyu ke gamuwa.
Ni ce ta tagar magani.
Ƙaramar taga ce, kan mutum ɗaya take ɗauka,
amma ta nan gidaje ke miƙo sirrinsu
a ƙulle cikin leda.

Wen Daoshun ya kawo tasa.
Shekara saba'in da huɗu, tsohon matuƙin jirgin fito.
Ya zazzage ta gabana kamar mai auna gyaɗa:
farare, ruwan ɗorawa, wasu an ɓare su biyu,
da wata kwalba marar suna
naɗe cikin tsohuwar jarida.

"Wannan likita ta ba ni.
Wannan ɗana ya aiko daga Shenzhen, mai tsada ne.
Wannan na maƙwabcina, ya ji sauƙi, ya ce in ƙarasa.
Wannan kuwa..."
Sai ya dubi bango.
Ta gidan shayi ce. Wani mai zaƙin baki ya rantse masa
wata uku take tumɓuke ciwon har saiwa.

Na juya kwalin ɗansa, na juya na likita.
Suna biyu, launi biyu, kamfani biyu,
magani ɗaya.
Wata shida yana shan ninki
yana ganin gata ne.

Matarsa Shulan ce ta tona abin da ya binne.
Ran Asabar, a teburin majan,
ya haɗiyi ƙwayar safe bai karya ba.
Wasa ya yi daɗi, rana ta take,
sai zufa, sai karkarwar hannu,
'ya'yan wasa suka watse ƙasa,
ya dube ta ya kira sunan uwarsa.
Mai shayi ne ya ɗura masa ruwan zuma.

"To ai zaƙi ne ciwona," in ji shi,
"yaya zaƙi zai cece ni?"

Na ce, Kawu, shekara talatin ka yi a kan ruwa.
Ambaliya na kifar da jirgi, na sani.
In ruwa ya janye fa?
Ya jima bai amsa ba.
"Dutse," ya ce. "In ya janye, dutse ke farka cikin jirgi."
Na ce, to jininka ke nan.
Ba ƙafar da kogin muke so ba,
zurfin da zai ɗauke ka muke nema.

Likita Miao ta leƙo da takardar gwajin ƙodarsa.
Ta soke ɗaya, ta rage ɗaya,
tsibin nan duka ya koma kwali biyu.

Idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe,
sai na zana kwanon shinkafa a jikin na farko:
wannan sai da loma.
Na zana fitowar rana a na biyu.
In ka manta ta safe, ta tafi ke nan,
ba bashi ba ce, kada ka rama da dare.
Alewa uku a aljihun hagu,
kuma ba ta jikoki ba ce.
Shulan ta yi dariya, ta rufe baki da hannu.

Ya miƙe, ya kai ƙofa, ya dawo.
"Kwalin ɗana fa?"
Na juye ƙwayoyin cikin tire, na ba shi kwalin wayam.
Ya ninke shi a hankali, gefe ya sami gefe,
ya sa a aljihun ƙirji,
ya dafa.

Kwalbar jarida tana nan ƙarƙashin teburina
tare da 'yan'uwanta goma sha ɗaya.
Na goge tagar da hannun riga.
Lamba ashirin da uku!
Wata tsohuwa ta taso,
tana kwance bakin ledarta da haƙori.